Muƙamuƙin Mai Hoto

Likitan haƙoran nan shi ya karya muƙamuƙin matarsa. Bai mare ta ba, bai taɓa ɗaga mata hannu ba, kuma da wannan danginsa ke kare shi har yau. Su yi ta karewa. Hassada ce ta ci shi. Ya kasa jure a yabi aikin matar da yake aure, sai ya bar ciwo ya cinye mata ƙashi alhali abin da zai nuna ciwon yana ƙasan benensa, a kulle, makullin a aljihunsa.

Gidan bene ne. Sama wurin iyali, shi da ita da mahaifiyarsa da kowa ke kira Inna. Ƙasa wurin aiki: falon jira mai benci biyu, ɗakin kujerar da yake cire haƙori, sai wani ɗan ƙaramin ɗaki a ƙurya mai ƙofa mai nauyi. A nan na'urar hoto take, irin wadda mutum ke tsayawa a gabanta, ya ɗora haɓa a kan matokari, ya ciji ɗan tsinken roba, hannun na'urar ya zagaye kansa a hankali, ta fitar da hoton haƙora da ƙashin muƙamuƙi gaba ɗaya daga kunne zuwa kunne. Matar ce ke kula da ɗakin. Aikin da ta karanta ke nan, shi ya sa unguwa ke ce mata Mai Hoto.

Na'urar ba sabuwa ba ce, amma hotonta tas yake fita. Ba wani sirri ba ne, naci ne. Irin wannan na'ura siririn layi ɗaya kawai take gani sosai, duk abin da ya kauce wa layin sai ya fito dishi-dishi kamar hayaƙi. Saboda haka Mai Hoto ba ta gaggawa. Sai ta sa an cire ɗan kunne da sarƙa, ta daidaita jan hasken da ke sauka a tsakiyar fuska, ta ɗan ɗaga haɓar mutum ko ta sauke, ta ce, "Manna harshenka a ganɗa, kada ka haɗiyi yawu sai na ce." Kowace Litinin kafin a buɗe ƙofa takan ɗauki hoton wani muƙamuƙin roba don gwaji, sannan ta ɗaure notin da ke riƙe matokarin haɓa, don notin ya tsufa, yakan saki, matokarin ya zame gefe.

Sauran likitocin haƙori suka soma turo mata mutanensu. Wata safiya wani dattijo mai sayar da katako ya shigo da takarda a hannu, ya tarar da Likita tsaye a falon jira.

"Sannu da aiki. Nan ne wurin Mai Hoto?"

"Nan asibitina ne. Ni ne likita."

"Au, kai ne mijin nata? To ka yi dace, ɗana. Likitan da ya turo ni cewa ya yi in ba ita za ta ɗauka ba in juyo, kada in wahalar da ƙafata."

Mutanen da ke kan benci suka yi dariya. Wata mata ta ce, "Gaskiya ne, Baba. Hotonta ko ni da ban yi karatu ba ina gane haƙorina a ciki."

Likita ma ya yi dariya. Da rana kuma, bayan an sallami mutane, ya zare makullin ƙaramin ɗakin daga jikin ƙofa ya sa a aljihu.

A sama, suna cin abinci, ya ce mata, "Daga gobe ki huta. Hasken na'urar nan ba shi da kyau ga mace."

"Shekara shida ina bayan ƙofar dalma mai tare hasken, yau ne ya zama ba shi da kyau?"

"Sannu, Farfesa. Danna maɓalli ne fa, ba tiyata ba. Zan riƙa yi da kaina."

Inna ta ajiye cokali. "Ni dama ban taɓa so ba. Mace ta wuni tana kama haɓar maza, ɗaga nan, sauke nan. Ina daɗinsa?"

"Inna, aiki ne fa."

"Aikinki yana sama, 'yar nan. Ga wanki can ya taru."

Haka ta koma sama. Amma daga matakalar bene ana hango allon kwamfutar da hotuna ke fitowa, idan ƙofar ɗakin kujera a buɗe take. Sati uku ba a yi ba ta ga abin da take tsoro. Haƙoran hagu sun soma fitowa da faɗi, sun buɗe kamar an ja su, bayansu kuma duk hayaƙi. Likita sai ya ƙara duhun hoton a kwamfuta don ya yi kamar ya fito, ya miƙa wa mutum.

Ta same shi yana wanke hannu. Ta yi ƙasa da murya. "Likita, notin matokarin nan ya saki. Hagu duk ta gudu. Ka ɗauki muƙamuƙin roba ka gani."

"Leƙe kike yi mini?"

"Wucewa na yi na gani."

"Na'ura ce ta tsufa. Ke kin san ta tsufa, kika yi ta ɓoyewa don a ce hannunki ne."

"To ka bar ni in ɗaure. Minti biyu."

"Ki hau sama."

Likitocin da ke turo mutane suka daina ɗaya bayan ɗaya. Ɗaya ya bugo waya yana tambayar ko Mai Hoto lafiya. Likita ya ce lafiya lau, ta gaji da aikin ne. Da ya ajiye wayar ya wuni bai yi mata magana ba, kamar ita ta sa a bugo.

Ana cikin haka ciwon ya soma. Can ƙuryar muƙamuƙinta na hagu, bayan turmin ƙarshe, wato babban haƙorin tauna, wani nauyi da ba ya tafiya. Ta yi sati biyu tana shan maganin ciwo kafin ta faɗa masa. A nan dai ya nuna kamar ya damu. Ya sauko da ita, ya buɗe ƙaramin ɗakin, karo na farko cikin wata biyu da ta taka shi. Ƙura ta hau kan na'urar. Ta kai hannu za ta taɓa notin, ya buge hannun.

"Yau mara lafiya ce ke. Tsaya nan."

Ta ɗora haɓa, ta ji matokarin ya yi lilo a ƙarƙashinta. Mutum ba ya ganin jan hasken da ke kan fuskarsa, amma ita jikinta ya san inda ya kamata ya tsaya.

Da tsinken a bakinta ta ce, "Na karkata. Ina ji."

"Ki yi shiru, za ki ɓata hoton."

Ya fita, ya danna. Na'urar ta zagaye kanta. Da hoton ya fito, dama ta ɗan yi dama-dama, hagu kuwa daidai inda take ciwo babu abin da ake gani sai toka-toka.

"Ka sake," in ji ta. "Ba a karanta wannan."

"Ni na karanta. Turmin nan ne ya ruɓe daga ciki. Ga shi nan."

"Ina? Nuna mini."

Ya kashe allon.

Washegari ya cire mata turmin. Da ya jefa shi a cikin ɗan farantin ƙarfe, ta miƙa hannu ta juya shi da yatsa, bakinta cike da auduga. Haƙori fari sol, ba huji, ba baƙi, saiwarsa lafiya. Ta ɗago ta dube shi. Ya ɗauke farantin ya ce ruɓar ciki ba a ganinta da ido.

Ciwon bai tafi ba. Ramin haƙorin ya ƙi rufewa, yana fitar da wani ruwa mai ɗaci. Kuncin ya soma tasowa a hankali, ba ja, ba zafi a fata, tauri kawai kamar an cusa mata dutse. Bayan wata ɗaya ta tashi ta ji rabin leɓenta na ƙasa ya mutu. Shayi na zuba a rigarta ba ta sani ba sai Inna ta ce, "Ke, goge bakinki mana, kamar yarinya."

Mutuwar leɓen ce ta firgita ta, don ta san abin da take nufi. Wani abu ne a cikin ƙashin yake danne jijiya. Ta sha ganin irinsa a hotunan mutane, baƙin rami zagayayye, ta kira likitan da ya turo su ta ce a yi hanzari.

Ta tare mijinta a kan matakala.

"Don Allah, Likita, ka bar ni in je babban asibiti a ɗauke ni hoto."

"Ki je ina? Duk mai aikin haƙori a garin nan ya san fuskarki. Matar likita, ga na'ura a gidansu, ta zo neman hoto a waje. Me kike so a ce?"

"A ce ba ni da lafiya."

"A ce ban iya ba. Shi kike so. Tun ranar tsohon katakon nan kanki ya kumbura."

"Ba kaina ne ya kumbura ba, fuskata ce. Dube ni."

Bai duba ba. Ya ce zai canza mata magani mai ƙarfi.

"To ba sai na fita ba," in ji ta. "Ba ni makulli in gyara na'urar, in saita komai, kai ka danna. Babu wanda zai sani. Wallahi ba zan faɗa wa kowa ba."

Nan ne ya fi jin haushi. "Wato ke za ki saita, ni in danna. Yaronki ne ni?"

Inna tana jin su daga ɗaki. Da yamma ta kawo tsumma da ruwan zafi tana gasa mata kuncin, tana magana a hankali kamar mai lallashi. "Ki rufa wa mijinki asiri, 'yar nan. Shi ya karanta likita, ba ke ba. Kumburin haƙori wa bai yi ba? Ni na yi, har idona ya rufe, ga ni nan. Ki bar shi ya yi aikinsa. Namiji ba ya son a nuna masa."

Ba za a ce tsohuwar muguwa ba ce. Ta gasa kuncin da hannunta, ta dafa mata abu mai ruwa-ruwa. Amma duk lokacin da aka zo zaɓi tsakanin fuskar surukarta da girman ɗanta, girman ɗanta take ɗauka, kuma ta san abin da take yi.

Wata na huɗu Mai Hoto ta daina tauna. Baki ba ya buɗuwa sai kamar faɗin yatsa ɗaya. Ta rame, zoben hannunta ya soma zamewa. Ta daina duba madubi. Idan baƙi sun zo sai ta ja mayafi ta rufe gefen fuskar, Inna ta ce musu haƙori ne ke damunta, ana magani.

Yayanta, direban babbar mota ne, ya dawo daga doguwar tafiya ya biyo. Da ya gan ta ya miƙe tsaye.

"Ke! Mene ne wannan? Wa ya dake ki?"

"Ba kowa, Yaya. Hoto nake so a ɗauke ni a wani wuri."

Ya sauka ƙasa da fushi. Likita ya tarbe shi da fara'a, ya ba shi kujera, ya kunna allo, ya nuna masa hoton nan mai hayaƙi.

"Ga shi, Yaya, da hannuna na ɗauka. Ka ga wani abu?"

Direban ya ƙura ido. Bai taɓa ganin hoton ƙashi ba in ba na ƙafarsa ba. "Ni ban ga komai ba."

"To ka gani. Kumburi ne, yana kan sauka. Ƙanwarka ce ba ta da haƙuri, kuma ka san tun da na hutar da ita aiki take neman abin da za ta kama ni da shi. Matata ce fa. Ni zan cuce ta?"

Yayan ya hau sama a sanyaye, ya ce mata ta daure, ta bi maganin, in ya dawo daga wannan tafiyar bai sauka ba shi da kansa zai kai ta. Ta kama hannun rigarsa. Maganar ta yi mata tsawo, bakin ba ya buɗuwa, ga Inna a tsaye a ƙofa. Ta sake shi ya tafi.

Kwana goma sha biyu bayan nan, da safe, yunwa ta ishe ta. Ta jiƙa burodi a shayi har ya yi laushi, ta tura ɗan kaɗan ta gefen dama, ta ɗan matsa. Ƙarar da ta fito kamar an karya busasshen kara. Inna da ke shara a tsakar ɗaki ta ji ta. Haƙoran ƙasa suka zame gefe, suka daina haɗuwa da na sama.

Ba ta yi ihu ba, don babu bakin yi. Ta tallafe haɓarta da hannu biyu, ta miƙe, ta nufi matakala. Inna tana bin ta tana cewa, "Tsaya in kira shi, tsaya mana, akwai mutane a ƙasa!" Ba ta tsaya ba. Ta sauka, ta ratsa falon jira ba mayafi, benci biyu cike, kowa ya ga fuskar. Wata mata ta dafe ƙirji ta ce, "Mai Hoto? Ke ce?"

Likita ya fito da safar hannu. Ya sha gabanta, yana magana ƙasa-ƙasa. "Koma sama. Koma, yanzu zan ɗauke ki hoto. Zan ba ki makullin ma."

Ta kewaye shi ta fita titi. Matar nan ta biyo ta, ta tsayar da tasi, ta shiga tare da ita.

A babban asibiti aka ɗauki hoton cikin minti biyar. Likitar tiyata, wata mace mai furfura da ba ta da yawan magana, ta sa shi a allo. Ko wanda bai yi karatu ba zai gani. Baƙin rami kamar ƙwan kaza a ƙuryar muƙamuƙin hagu, ya cinye ƙashin har ya bar shi siriri kamar takarda, ga layin karaya ya ratsa shi.

Da rana Likita ya iso, ya sa riga mai kyau, da hotonsa a cikin ambulan. Yayan ma ya iso, an same shi a waya ya juyo da mota daga hanya.

"Ranki ya daɗe, na duba ta tun farko," in ji Likita. "Ga hoton. Wata huɗu ke nan. Babu abin da ya nuna."

Likitar ta ɗaga hoton, ta juya shi, ta sake juyawa. "Wa ya ɗauki wannan?"

"Ni ne."

"Ai ba ciwo ne bai nuna ba, hoton ne bai nuna komai ba. Ko giwa ce a nan ba za a gan ta ba. Ka ga haka, me ya hana ka sakewa?"

"Na'urar ce ta tsufa."

"To me ya hana ka turo ta nan?"

Ta sake ɗaga hoton a gabansa.

"A kan wannan hoton ka cire mata haƙori?"

 Yayan ya yunƙura zai cafke shi, sai da masu gadi biyu suka riƙe shi.

Likitar ta juya wurin Mai Hoto, ta faɗa mata gaskiya ba kwana-kwana. Ƙari ne mai ruwa a cikin ƙashi, ba mai yaɗuwa ba. Da an gan shi wata huɗu baya, ta cikin baki za a kwashe shi, ta kwana ɗaya ta koma gida. Yanzu sai an yanke ƙashin, a sa ƙarfe, a ɗebo wani ƙashi daga ƙugunta a cike gurbin. Haƙora huɗu za su tafi. Leɓen kuma kada ta sa rai.

Haka aka yi. Ta yi sati shida baki a ɗaure da waya, tana shan abinci ta bututu. Inna ta zo sau ɗaya, ta zauna a bakin gado tana kuka tana cewa ƙaddara ce, kowa da tasa. Mai Hoto ta nemi takarda da biro, ta rubuta kalma biyu ta miƙa wa yayanta ya karanta wa tsohuwar: "Ba ƙaddara." Yayan ya ƙara nasa, ya ce ƙofa tana can.

Likitar tiyata ce ta kai maganar hukumar da ke kula da likitocin haƙori. Masu bincike suka je gidan, suka buɗe kwamfutar, suka fito da duk hoton da ya ɗauka tun ranar da ya karɓe ɗakin. Fiye da ɗari biyu, kuma in ban da na farko-farko babu ɗaya da hagunsa ke karantuwa. Aka bi mutanen aka kira su. An samu uku da ya cire wa haƙori mai lafiya, da wani da ya sallama da ruɓa a ƙarƙashin saiwa. Ɗaya daga cikin masu binciken ya taɓa matokarin haɓa ya ga yana lilo, ya ɗaure notin da yatsa biyu, ya ɗauki hoton gwaji. Ya fito tas.

A gaban hukuma ma Likita bai fasa kawo uzuri ba. Ya ce yana kare lafiyarta ne daga hasken na'ura. Ya ce shi mutum ne, kowa na kuskure. Ya ce matarsa ce ta raina shi a gaban marasa lafiya. Da aka tambaye shi wace kalmar raini ta taɓa faɗa masa, ya kasa kawo ko ɗaya.

Babu raini. Ta iya aikinta ne kawai, mutane suka gani suka faɗa. Akwai maza irinsa da yawa, kuma ba duka ne likitoci ba. A waje za su yi ta cewa nasarar iyali tasu ce, a cikin gida kuwa yabon da aka yi wa matar sai ya tsaya musu a maƙogwaro, su kasa haɗiyewa har sai sun ga ta koma ba ta iya komai. Kuma ba sa rasa mai taya su, uwa ko ƙanwa ko aboki, da zai ce rufin asiri ne. Wannan ba rufin asiri ba ne, zalunci ne, kuma duk wanda ya gani ya yi shiru yana da kasonsa.

Mai Hoto tana raye. Fuskarta ta karkace ta hagu, akwai dogon tabo a ƙarƙashin haɓa, idan ta sha ruwa sai ta riƙe hankici. Tana zaune a gidan yayanta.

Shi kuwa hukuma ta karɓe takardar aikinsa har abada, ta liƙa sanarwa a ƙofar asibitin ta rufe shi. Alƙali ya raba auren a zama ɗaya. Kotu ta same shi da laifin sakacin da ya jawo nakasa, ta ɗaure shi shekara biyu.